Rakiya Zuwa Bakin Gada

Asabar, 4 ga Oktoba, 1986

Yau matata Zarguna ta ɗaure ni da gurasa guda. Na dawo daga yankan masara da la'asar, na tarar da sojan Rasha a zauren baƙina, ba bindiga, takalmi ƙafa ɗaya, yana cin gurasarmu hannu baka hannu ƙwarya. Na ja ta gefe na ce, "Kin san abin da kika yi kuwa?"

Ta ce, "Na sani, Baban Baryalai. Ƙofa ya riƙe ya ce ya shigo inuwarka. Katin jam'iyya zan tambaye shi kafin in ba shi abinci?"

Shi ke nan. Wanda ya ci gishirin gidanka, jininsa ya hau wuyanka. Haka kakanni suka bar mana a nan lardin Logar, kuma da bakina na koya wa yara hakan shekara ashirin da biyu kafin a ƙone makarantar.

Masu irin kakinsa ne suka kashe mana Baryalai bara. Na kasa cin abinci.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Sunansa Daulat, Batajike ne daga Kulob, can cikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Rasha, shekararsa goma sha tara. Muna jin Farisancinsa. Dukan manyansa ne ya koro shi. Wai an gaya musu Amurkawa za su yaƙa a nan. Ya ce, "Baba, wata takwas ina neman Ba'amurke, tsofaffi da jakuna kawai nake gani." Na ce ni ma a rediyo na san su.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Fatiharsa rabi ce, kakarsa ta koya masa a ɓoye a ɗakin girki. Yau na ƙarasa masa. Ba wani abu ba ne, malami dai ba ya ganin karatu rabi ya yi shiru.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Toryalai ya zo bayan sallah. Ɗan baffana, wanda lissafi ya yi ta kayar da shi a ajina, yau shi ne kwamandan mujahidai mai mutum arba'in. Ya sha shayi, har ya gaisa da Daulat. Sai da muka fito ya ce, "Yaya, ba zan taɓa baƙonka ba, ni ba ɗan iska ba ne. Amma can a Peshawar, ƙetaren iyaka, manyan jam'iyyarmu sun ce Amurkawa sun kawo makamin da ake harbawa daga kafaɗa ya kaɓo jirgi mai saukar ungulu. Ba kowa za a ba ba. Wanda ya kai musu sojan Rasha da rai a ɗauke shi hoto, shi ne a gaban layi."

Na ce baƙona ba akuyar kasuwa ba ne.

Ya ce, "To madalla. Jiragen da suka ci Baryalai dai ba su ƙoshi ba."

Na so in mare shi. Hannuna ya ƙi tashi.

Talata, 14 ga Oktoba

Jirage biyu, da hantsi. Mutum shida suka rasu, har da matar Shirin Dil mai niƙa da jikarta. Daulat ya taya mu tono da hannu har farcensa ya cire, ba wanda ya ce masa sannu. A maƙabarta ma ba wanda ya ce mini uffan, sai kallo. Da ma zagina suka yi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Dattawa sun zauna a masallaci. Haji Mirwais ne ya samo dabarar. Ya ce, "Malam, ba wanda ya ce ka miƙa baƙonka, Allah ya kiyaye. Amma baƙo raɓa ne. Ka yi masa rakiya yadda al'ada ta ce, har iyakar ƙasarka, bakin gadar magudanar ruwa. Daga can kuma hanyar Allah ce, ba taka ba."

Kowa ya gyaɗa kai. Amana ta cika, makami ya samu, ba wanda ya ji kunya. Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake. Tun bai rufe baki ba na ji sauƙi ya sauko mini a ƙirji, kuma wannan sauƙin ne yake ƙona ni.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na gaya wa Daulat za a kai shi Peshawar, daga can sai Turai. Ya yi godiya har da hawaye. Zarguna ta buɗe akwatin da ba ta taɓa ba tun bara, ta ba shi rigar Baryalai da hularsa, ta cika masa aljihu da zabibi. Sannan ta same ni a tsakar gida ta ce, "Rantse mini da kabarin ɗanka cewa zai isa."

Na ce bari in duba saniya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Mun fita da sassafe, ni da shi. Yana ta ba ni labarin gonar audugarsu, ni ban ji rabinsa ba. Da muka iso gada sai ga yaran Toryalai huɗu a ƙetare, zaune a inuwa, wai suna karya kumallo. Ga igiya a gefensu, ko ɓoye ta ba su yi ba.

Daulat ya tsaya. Ya dube su, ya dube ni.

"Baba, nan ne iyakar?"

Na ce nan ne.

Ya yi 'yar dariya. "A garinmu ma haka ake yi. Amma kakata takan ce mai gidan kirki yana ƙara taku bakwai bayan iyaka."

Ban ƙara ko ɗaya ba. Ya sumbaci hannuna, ya ce in gai da Inna, ya haye. Sun bar shi ya yi nisa da gadar kafin su ɗaure shi, don ganin girmana.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba labari. Masara ta bushe.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Toryalai ya dawo da makamin a bayan alfadarai, gari ya ɗauki guɗa. Na kutsa na kama rigarsa na ce ina yaron.

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, hanya ta yi tsanani. Ƙafarsa ta kumbura a kan duwatsu, ga jirage a kanmu. Ba a barin fursuna a baya da rai, zai nuna hanya. Mun dai yi masa sallah."

Na ce, "To makamin fa, da me ka karɓo shi?"

"Ai ashe ko ba shi ma za su bayar. Bana kowane kwamanda an ba shi."

Na gaya wa Zarguna ya isa lafiya. Ta dube ni, ta ci gaba da murza ƙullu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

A masallaci Haji Mirwais ya ce wa samari su yi koyi da ni, mutumin da ya riƙe amanar baƙo har bakin iyaka. Na amsa gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya. Allah, kai ka gani.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Sanyi ya shigo. Yau na kwashe shimfiɗun zauren baƙi na zuba masara da harawa a ciki har rufi. Rumbun baya yana yoyo, dalilin ke nan, ba wani abu ba. Na sa kwaɗo.

Zarguna ta tsaya da tulu a hannu tana kallona. Ta ce, "In baƙo ya zo fa?"

Na ce akwai masallaci.