Tamfol ɗin shanyar shinkafa

Assalamu alaikum Yaya Musa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Legas, yaya ƙafar nan taka? Mu nan Katuzu sai godiya, Inna ma da sauƙi.

Yaya, da kunya nake rubuto maka. Shirin tallafin nan na ƙasashen waje ya raba wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa tamfol, don mu daina shanya a ƙasa. Ni kuwa na ga ɗakin Inna yana yoyo, sai na rufe shi da nawa, na shanya shinkafata a bakin kwalta yadda muka saba.

Ran Laraba masu shirin suka kawo mana wani mai injin casa daga Nguru, zai kwashe shinkafar da muka haɗa wuri ɗaya a Gashuwa. Ya zura hannu cikin buhu, ya fito da tsakuwa har da kashin akuya. Ya ce, "Malamai, wannan ta girki ce ko ta gini?" Ya karkaɗe hannunsa ya tafi.

Shugabanmu Baba Adamu ya ce, "Wa ya yi mana haka?" Kowa ya dubi ɗan'uwansa, ni ma na dubi na kusa da ni. Wallahi wannan kallon ya fi komai ci mini rai.

Ran Juma'a zan tashi gaban taro in faɗi gaskiya. Ka taya ni da addu'a, kada bakina ya mutu. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙaninka,
Sale