Wutar Gashin Shayi da Yen Dubu Huɗu

Kawane, 12 ga Maris

Zuwa ga jikata Chizuru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mijinki Norio. Yaya tarin da ya dame ki lokacin sanyi? Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai ke min tsiya, ita ma na fi ta taurin kai. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji huɗu na bar makaranta na shiga gonar shayi.

Uwarki ta faɗa min a waya cewa manajan masana'antarku, Ochiai, ya ce zai ba ki wutar gashin shayi na ƙarshe, da ƙarin albashi da aikin bayan tashi, amma kin ce a jira Yuli. Na san bakin wanda ya yi wannan magana, ba naki ba ne.

Ba sai Norio ya koya min ba. Albashin Afrilu da Mayu da Yuni ake dubawa a yanke abin da za a riƙa cirewa na inshorar lafiya, daga Satumba har shekara ta zagayo. Shi ya sa 'yan ofis ke rige-rigen fita ƙarfe biyar a watannin nan. To ganyen shayi bai san wannan doka ba, a Afrilu yake tohowa. Wanda bai tsaya gaban wuta a kan ganyen fari, wato tohon farko, ba, babu abin da zai koya a Yuli. Shekara arba'in da shida na riƙe wutar nan. Ochiai ya ce in ba ki amsa ba kafin ƙarshen wata, zai ɗauko wani daga can tsibirin Kyushu. Daga Kyushu, Chizuru!

Ki gaida mijinki, duk da haka.

Kakanki,
Tokuji

Kawane, 24 ga Maris

Jikata Chizuru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jiki da ƙarfi. Ban ga amsarki ba, sai ga Norio ranar Lahadi da kifi busasshe da na'urar lissafinsa.

Bai gama zama ba ya ce, "Kaka, ƙarin yen dubu huɗu ne fa za a riƙa cire mata duk wata, shekara guda cur. Ta yi gumin wata uku, a yi wata goma sha biyu ana yanka."

Na ce, "Kai da ko ruwan shayi ba ka iya tafasawa, kai ne za ka auna min wuta?"

Ya yi dariya ya ce shi ai kofi yake sha. A gidana!

Na jawo akwatin da na tara ambulan ɗin albashina tun 1962, ko ɗaya bai ɓata ba. Na nuna masa na shekarar da bayana ya riƙe na kwanta wata bakwai. Inshorar nan ta riƙa ba ni kashi biyu cikin uku na albashina, kuma da ma'aunin da aka cire da shi aka biya ni. Maƙwabcina Shimpei, gwanin sulalewa a watannin nan, da nasa ciwon ya zo miyar wake zalla suka riƙa sha. Norio ya danna na'urarsa, can ya ce, "Amma ai ba kowa ke kwanciya ba." Gaskiya ya faɗa, ban dai gaya masa ba.

Yanzu ga abin da ban nuna masa ba. Akwai ambulan uku na 1974, sirara. Shekarar da aka haifi uwarki ce, hannu ya yi ƙunci, ni ma na yi irin wannan lissafi. Na ce kaina na ciwo, na bar wa wani wutar. Ya ƙona buhu goma sha ɗaya na ganyen fari, wahalar gonaki uku. Ba wanda ya zarge ni. Kakarki ce kawai ta gane, kuma har ta rasu ba ta taɓa tayar da zancen ba, wanda ya fi min zagi ciwo.

Saboda haka ba zan ce Norio mugu ne ba, gidanku yake tsoron ya girgiza. Hancinki ne ya fi nawa, tun kina 'yar shekara tara kike gane ganyen da ya sha wuta daga bakin ƙofa. Sauran magana taki ce. Ba zan sake rubutawa a kan wannan ba.

Kakanki mai ƙaunarki,
Tokuji

Kawane, 28 ga Oktoba

Zuwa ga mai riƙe da wuta, Chizuru,

Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman. Yaya hannun da uwarki ta ce kin ƙone a Mayu? Ki riƙa shafa mai, tabon ba ya tafiya, nawa ma suna nan.

Saƙonki ya iso jiya: tulun ganyen fari da kika ajiye ya huce tun bazara, da takardar albashinki a naɗe a wuyansa. Na ga ƙarin da aka cire dubu huɗu da ɗari biyu ne. Na kuma ga inda Norio ya ja layi da jan biro ya rubuta, "Kaka, kuskurena ɗari biyu ne kawai." Ki ce masa na gani, ya iya lissafi, kuma na ji shi ya riƙa dafa muku abinci duk watannin nan. Ya zo ranar sabuwar shekara, zan koya masa tafasa ruwa.

Ban buɗe tulun ni kaɗai ba. Na kira Shimpei, ban gaya masa na wa ne ba. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce, "Kai tsohon banza, yaushe ka koma aiki ba ka faɗa min ba?" Na ce ba ni ba ne. Ya ce ƙarya nake, wannan hannuna ne. Na ce naki ne, kuma ina shekarunki ban kai nan ba. Kofi uku ya sha, ya nemi na tafiya da shi, na hana.

Daga nan na bi gida-gida har bakin gada da butar shayin a hannu, ina ba kowa ya ɗanɗana. Gwiwar ta kumbura, yau ban iya fita ba, shi ya sa wasiƙar ta yi tsawo.

Baɗi ki rage wutar kaɗan a ƙarshe. Ban sami aibu ba, na dai faɗa ne kada ki ce kakanki ya sha bai ce komai ba.

Naki har kullum,
Tokuji