Sunan da Aka Raɗa da Ƙarfi

Tamawa, ta Kurfi, Nuwamba 1959

Zuwa ga Malam Tukur tela, Dutsin-Ma.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, albishirinka! Matarka Hasana ta sauka jiya Laraba da hantsi, namiji, ita da shi lafiya lau. Ka duba, da hannuna na rubuta, ba wanda na roƙa. Da ake yi mini dariya wai tsoho da furfura yana zuwa ajin yaƙi da jahilci, ashe don wannan rana nake koyo. Da baki ne, kunyar surukuta ba za ta bar ni in yi maka wannan surutu ba, amma takarda ba ruwanta da kunya.

Yaro ni ya ɗauko sak, har kunnuwan. Gogo Turai tana ta kiransa angonta, ta ce ta sake ni. Na ce ta je, ai ango ba ya da ko haƙorin cin goro.

Suna Laraba mai zuwa. Ka zo da sunan da ka zaɓa. Rago kuwa yana turke tun damina.

Naka, Rabe.

*

Dutsin-Ma

Zuwa ga Baba Malam Rabe, gaisuwa da ladabi da biyayya.

Na ga takarda. Allah ya raya baƙon, ya ba uwarsa lafiya. A gafarce ni, Baba, ba zan samu zuwa ba. Kun san na tsaya takara a jam'iyyar adawa, zaɓe kuma watan gobe ne. An hana ni yin taro a ƙasarku sai da izini, izinin kuma na nema an hana. Duk inda na zauna mutane suka kewaye ni, cewa za a yi lacca nake yi. Wanda aka ɗaure kuwa, an soke takararsa ke nan.

Zan aiko abokina Ɗanmaraya da goro da sunan, ya faɗa wa liman a madadina.

Ɗanku, Tukur.

*

Tamawa

Malam Tukur, bayan gaisuwa.

Ban so rubuta wannan ba. Tun da aka ji ba za ka zo ba, magana ta tashi a bakin rijiya. Wai uban da ya ƙi zuwa sunan ɗan fari, akwai abin da ya sani. Wasu har lissafin watanni suke yi, suna cewa kai kana yawon ƙauyuka da keke, yaushe ka zauna gida? Na san masu hura wutar, mutanen abokin takararka ne. Amma zancen ya kai kunnen Hasana. Ta daina shan kunun kanwa, sai kuka, nono ma ya soma ɗaukewa. Liman ya aiko mini cewa shi ba ya karɓar suna daga bakin aboki, sai uba ya zo da ƙafarsa.

Zaɓe yana dawowa, ɗana. Wannan tabo kuwa in ya hau yaro, da shi zai shiga kabari. Suna ai ba lacca ba ne. Wa ya taɓa neman izini don yanka rago? Ka zo da safe, a shafa fatiha, ka koma.

Rabe.

*

Dutsin-Ma

Baba, na ji. Ina tafe. A ce wa mai jego ta ci abinci.

Tukur.

*

Tamawa, Disamba 1959

Malam Tukur, ina gaishe ka da zaman haƙuri. Ɗanmaraya ya ce akwai gandiroba mai tausayi da zai miƙa maka wannan.

Abin da ya faru a bayanka nake so ka sani. Da 'yan doka suka shigo zaure kana sunkuye wajen kunnen liman, ban gane ba sai da na ga babbansu yana nuna kawunan mutane da kulki yana cewa taro ne. Na ce masa suna ne, ga rago, ga wanzami. Ya ce mini: “Tsoho, lacca da rago ma lacca ce.” Liman ya zari takalmansa ya fita bai shafa fatiha ba.

Abin da ka yi da suka ja ka ƙofar gida, har yau ana maganarsa. Kai da ba ka taɓa ɗaga ido ka dube ni ba, ka waiwayo gaban surukanka ka ɗaga murya: “Sunansa Ummaru! Ɗana ne!” Mata sun ji daga cikin gida. Gogo Turai ta rangaɗa guɗa tana hawaye. Ni na yi fatihar da kaina, na yanka ragon, wanzami ya yi aski.

Bakin rijiya ya yi shiru. Hasana tana cin abinci. An yi zaɓe, babu akwatin ƙuri'arka. Na ji hukuncin alƙali, ɗauri da bulala. Ni na ce ka zo. Ban san abin da zan ƙara a kan haka ba.

Rabe.

*

Gidan yari, Maris 1960

Baba, gaisuwa da ladabi. Wani ne ke rubuta mini, hannuna ya kumbura tun wajen fasa dutse, ga tari ya matsa mini. Kada ku ɗora wa kanku komai. Na san abin da zai faru tun kafin in hau keke. A sayar da keken ɗinki a kula da Hasana da yaron.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar nan ba a kai ga fito da yaron ba, ban ga fuskarsa ba. Don Allah ku faɗa mini gaskiya, wa ya ɗauko?

Ɗanku, Tukur.

*

Tamawa, Yuli 1960

Malam Tukur,

Kai ya ɗauko. Goshinka ne, da wannan kallo naka na ƙasa-ƙasa. Murna ce ta sa na ce ni, kunnuwan ma ba nawa ba ne.

Na sha rubuta maka haka, ban ga amsa ba. Ɗanmaraya ya je ƙofar gidan yari, an ce masa a duba asibiti, a asibiti kuma an ce a duba gidan yari. Ummaru ya fara rarrafe. Keken ɗinki yana nan, na rufe shi da zane, ban sayar ba.

Ko layi ɗaya ne, ka sa a rubuto.

Naka, Rabe.