Maƙogwaron Lantana

Mararaba, Maris 2006

Yaya Safara'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara, ya zafi? Kada ki ga wasiƙa ki ce rowar katin waya nake yi. Likita ne ya hana ni magana. Ya leƙa maƙogwarona ya ga wani ɗan tsiro, ya ce sai an yanke. Na rubuta masa, "Murya za ta dawo?" Ya ce, "Madam, sai mun gani."

Yaya, tsoro nake ji. Lokacin da nake waƙa a dandalin wasan kwaikwayo, ba lasifika, amma na bayan zaure ma yana ji na. A talabijin ko na dishe, na'ura na rufa min asiri. Yanzu da na koma waƙoƙin karkara, daga ni sai mai gurmi, ba wurin ɓuya. Ran nan a bikin buɗe wani otal murya ta tsinke min a tsakiyar baiti. Manyan mutane suka yi ta tafi, sun ɗauka salo ne.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Lantana

Yangoji, Afrilu

Lantana,

Muna lafiya lau. Ke dai ba ki raina abin tsoro, tun kina ƙarama kyankyaso ke kora ki ɗaki. Beli ne kawai. Ba a cire miki ba kina jaririya, shi ya biyo ki har Abuja. Ki zo wanzaminmu ya tsinke shi, ki sha kunu mai zafi, ki koma ki cika wa mutane kunne.

Sai kin zo.
Safara'u

Yangoji, washegari

Lantana,

Gaisuwa. Kada ki zo. Jiya cika baki na yi, da na ba direba wasiƙar sai na yi nadama. Kina makaranta lokacin ciwon Inna, ba ki ga farkonsa ba. Da dishewa ya fara. Mu ma beli muka ce, aka kira wanzami, aka zauna jiran sauƙi har ruwa ya daina wuce mata. Ki bar likita ya yi aikinsa. In muryar ta tafi, ta tafi, ke nake so. Zan sayar da doya in taho.

Allah Ya tsare min ke.
Yayarki

Mararaba, Mayu

Yaya,

Ina fatan kin isa gida lafiya. Sakamakon gwajin tsiron da aka yanke min ya fito, ba irin na Inna ba ne, alhamdu lillahi. Ki daina kuka.

Tun Litinin likita ya ce in fara magana a hankali. Nababa mai gurmi kullum sai ya zo ya zauna a ƙofa yana kaɗawa, yana jira. Ban buɗe baki ba tukuna. Muddin ban gwada ba, Yaya, ina da murya.

Ki gaida yara.
Lantana