Maigidan Yana Nan Tafe

Litinin, 3 ga Maris

Na kama aiki yau. Ɗakin gwajin jinin nan ya fi namu na can girma, injinansu sababbi, amma famfon wanke hannu yana ɗiga kamar namu. An ba ni ɗaki a masaukin ma'aikata kafin in sami gida. Gado ɗaya, kujera ɗaya, labule koɗaɗɗe.

Yara suna wurin Baffansu. Sharaɗinsa bai canja ba: in na sami gida a unguwar da ya gani da idonsa ya yarda yaro zai tashi lafiya a cikinta, zai ba ni su. In ban samu ba, su zauna wurinsa, ni in riƙa zuwa ina ganinsu. "Amanar ƙanena ce," in ji shi, kamar ni a bakin titi na tsince su. Tun rasuwar Abbansu bakina ya mutu a gaban mutanen gidansu.

Abbansu ne fa ya matsa min in nemi canjin wurin aikin nan. Ga shi ya fito, shi babu.

Laraba, 5 ga Maris

Dillalin gidajen haya ya zagaya da ni da safe. Dogo ne, baki kamar an shafa masa zuma, duk lungun da muka shiga sai ya ce, "Unguwar iyali ce, Hajiya, ko kaza ba ta ɓata a nan."

Sai maganar Abban yara ta faɗo min. Yakan ce kowace unguwa da safe waliyyiya ce. In kana son sanin halinta, je ka bayan la'asar, ka sami dakali ka zauna ka yi shiru. Ka ga ko ana barin yara su fito, da irin muryar da iyaye ke kiransu da ita. Haka muka yi kafin mu kama gidanmu na can, ina ta mita ƙafata ta yi tsami, shi yana dariya.

Na ce wa dillali daga yau da yamma za mu riƙa fita. Ya dube ni kamar na ce ya yi min aiki kyauta. Ya kuma ja min kunne: masu gidajen unguwannin nan ba sa son ba mace haya ita kaɗai, sai sun ji labarin maigida.

Asabar, 8 ga Maris

Na same shi. Wallahi na same shi.

Layi ne da ba ya ɓullewa, don haka mota ba ta gudu a cikinsa. Makarantar firamare a baya, kemis a kwana. Na zauna a benci gaban wani shago har rana ta yi sanyi. Yara suna ƙwallo, silifa ne ragarsu. Na ga wata mata ta tare wani yaro ta share masa hanci da bakin mayafinta, daga baya na gane ba ma nata ba ne. Mai shago ya kori wata yarinya gida ya ce uwarta na nemanta, ya kira ta da sunanta.

Gidan ɗaki biyu da falo, tsakar gida da siminti, tankin ruwa a sama. Mamallakinsa wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, yana zaune a gidan da ke jikinsa. Ya tambayi aikina, ya tambayi yara, sannan ya ce, "To shi maigidan fa?"

Na ce, "Yana nan tafe, Baba. Ƙarshen wata. Aiki ne ya riƙe shi."

Ban shirya ta ba. Kawai ji na yi ta fito, sumul.

Lahadi, 9 ga Maris

Ina ta gaya wa kaina don gidan na yi. Amma a nan ai babu mai karantawa sai ni: daɗi na ji. Rabon da in ce "yana" a kansa har na manta.

Talata, 11 ga Maris

Na koma auna tagogi saboda labule. Matar dattijon ta ja ni ciki ta ba ni shayi. Mace mai surutu, irin wadda ke tambaya ta ba kanta amsa. Ta ce me maigidan ke yi, na ce gyaran wutar lantarki. Dattijo ya ɗaga hannu sama ya ce Allah Ya kawo musu sauƙi, wayar gidansu ta daɗe tana tartsatsi.

Daga nan bakina ya buɗe. Na gaya musu ba ya shan shayi da sukari. Ba ya iya wuce ƙwan fitila da ya mutu ko a gidan mutane ne, sai ya nemi kujera ya hau. Yana minshari ya rantse ba shi ba ne. Matar tana ta dariya tana cewa, "Duk halinsu ɗaya, 'yata."

Na fito ina murmushi. Ban kai kwanar kemis ba na tsaya na jingina da bango. Ina kewarsa, kewar da ke sa ƙashi ciwo.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi waya da yara. Auta ta ce ko akwai lilo. Shekararta biyar, duniyarta ba ta wuce lilo ba. Yayanta Babban Mutum kuwa, tun da ya shiga sha ɗaya magana ta zama tsada a wurinsa: "E." "A'a." "Baffa ya ce jibi za mu zo."

Asabar, 15 ga Maris

Sun zo. Bari in rubuta a jere ko zuciyata ta sauka.

Yaya, wato Baffan nasu, ya duba komai. Ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa ƙofofi, ya leƙa makarantar ta kan katanga. Na ga fuskarsa ta saki. Har ya ce, "Ba laifi." Daga bakin Yaya wannan kirari ne. Babban Mutum ya tsaya yana kallon masu ƙwallo, ƙafarsa tana motsi. Auta ta zaɓi ɗakinta.

Sai ga dattijo da sandarsa. Ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya ce, "Maigidan ne? Ashe an samu an taho da wuri!"

Yaya ya ce, "Yayansa ne."

"Madalla. Shi sai ƙarshen wata ke nan." Ya sunkuya wurin Auta ya shafa kanta. "Ke kin riga Abbanki zuwa ko? Ki gaya masa Kaka yana jiransa, akwai aiki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya juyo ya dube ni. Amma ba kallonsa ne ya kashe ni ba. Auta ce. Ta saki hannun yayanta ta rugo ta kama zanena, fuskar nan kamar an kunna fitila.

"Mama, nan Abba zai zo? Ashe nan ya tafi?"

Yaya ya yi wa dattijo sallama da ladabi, ya sa yara a mota. Ko ruwa ba su sha ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban fita ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na ɓata gwaji biyu yau, sai da aka sake ɗibar jinin mutane. Ni da a can ake kawo wa sababbin ma'aikata in koya musu.

Abin da Yaya ya ce kafin ya ja mota yana ta yi min yawo a ka. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Ke ma ba ki warke ba, ta ina za ki riƙe su?"

Matarsa ta kira ni a ɓoye. Auta ta zuba kayanta a jakar makaranta, har da takalmin da Abbanta ya saya mata wanda ya matse ta, wai ya ga ta girma. Kullum tana tambaya yaushe wata zai ƙare. Babban Mutum ya ƙi karɓar waya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma ban taɓa zaton 'yata ce za ta faɗa ciki ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je wurin dattijo. Na durƙusa na ce, "Baba, maigidana ya rasu tun bara. Ƙarya na yi muku."

Ya daɗe yana kallon sandarsa. Matar ta rufe baki da mayafi, sai hawaye. Ya ce, "Allah Ya ji ƙansa. Gida kuwa naki ne in kina so."

Ina so mana. Amma duk layin ya ji mai gyaran wuta yana tafe. Mai shago ma ya tambaye ni shi. Ta yaya Auta za ta fita wasa a wurin da kowa ke jiran ubanta? Na ajiye musu makulli a kan tabarma. Da na fito yara suna ƙwallonsu, ban tsaya kallo ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na hau motar safe na tafi. Na sami Auta a bakin ƙofar Baffanta da jakarta a cinya. Na zauna kusa da ita a ƙasa.

Karo na biyu ke nan ina gaya wa yarinyar nan ubanta ya mutu. Na farko ba ta gane ba. Wannan ta gane.

Ta ce, "To me ya sa kika ce yana zuwa?"

Na ce, "Don ina so ya zo."

Ta yi kuka har ta yi barci a jikina. Can na ji an ajiye kofin ruwa a gefena. Babban Mutum ne. Ya zauna, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Yaya yana cikin falo, taga a buɗe. Na san ya ji.

Alhamis, 27 ga Maris

An koma yawo da dillali. Yanzu tun daga bakin ƙofa nake faɗa: mijina ya rasu, yarana biyu. Gida biyu sun ce za su kira, ba su kira ba. Dillali ya ce ina ɓata masa ciniki.

Talata, 1 ga Afrilu

Na kama wani. Bai kai wancan ba, ko kusa. Ana jin ƙarar babban titi, makaranta sai an ɗan taka. Amma akwai get, akwai yara a layin, mai gidan kuma wata tsohuwar nas ce da ta ce, "Nawa ma ya daɗe da tafiya. Kina biyan haya? Shi ke nan."

Na tura wa Yaya hotuna. Ban roƙe shi ba, na gaji da roƙo.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Yaya ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, lafiyar aiki, lafiyar gari. Sannan ya ce in an yi hutun makaranta zai kawo su da kayansu. Ya ce, "Ki yi haƙuri. Ni ma ƙanena ne." Ya kashe kafin in amsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Share-share tun safe. Ƙwan fitilar kicin ya mutu, na sayo wani. Bayana kamar zai ɓalle.

Da yamma na je wurin kafinta a kan teburin cin abinci. Ya ce kujera nawa, na ce uku, muka ci gaba da maganar kalar fenti. Sai da na kusa gida na ji abin da na faɗa: uku, ba huɗu ba.

Na ɗan tsaya a bakin get. Ban koma na gyara ba. Ya ce Laraba zai kawo.