Salular Sani ta fi ni labari

Zuwa ga ƙanena Alhaji Idi a Agadas. Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya Hajiya da yara? Mu nan Matameye lafiya lau.

Tun shekarar da fara ta cinye geron Dawce, da ɗanka Sani ya fara tuƙin motar haya, kujerar gaba tawa ce. Labarin kowace rijiya har Damagaram a bakina yake jin sa. Yanzu ya sayi salula. Ranar kasuwar Kance ina nuna masa inda raƙumin Baba ya mutu, shi kuwa idonsa na kan abin nan yana dariya. Saura kaɗan mu afka wa amalanken shanu. Na ce, "Kai Sani, wa ke ciki da ya fi ni labari?" Ya ce, "Baffa, ai naka na haddace."

Tsoron ya wuce, amma maganar nan ta hana ni cin tuwo.

Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Gobe da safe zan riga shi zuwa tasha. Ko salular ta shiga aljihuna har mu sauka, ko in faɗa wa fasinjoji abin da na gani.

Yayanka, Mamman