Koren Tukunyar Shinkafa

Tashkent, 3 ga Oktoba

Gwaggo Mastura,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ciwon gwiwa? Ga silifas ƙafa ɗaya na ba direba ya kawo miki. Tun rasuwar Baba shagon ɗinkin silifas ɗin nan ke tangal-tangal, mata sun gaji da fari da ruwan ƙasan da yake yi. Sai na yi ta maza: fatun tumaki ɗari biyun da muka saya don sanyin bana, duk na tsoma su a rinin baba. Dubi wannan shuɗi, Gwaggo! Masu manyan kantuna za su zo ganin kaya ƙarshen wata. In ba su ɗauka ba, sai dai in sallami matan nan shida masu ɗinki in rufe shago. Amma na san za su ɗauka.

'Yarki, Barno

Shahrisabz, 6 ga Oktoba

Barno,

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, kanki ne ba lafiya. A gaban maƙwabciyata Sanobar na kwance ƙunshin, tana gani ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, wa ya rasu?" Ashe zaman birni ya cinye miki hankali har kin manta shuɗi kayan makoki ne a wurinmu? Uwarki shi take sawa tun ranar da aka binne ƙanena, kina ganinta kullum! Wace mace ce za ta kai wa amarya ko mai jego wannan abu? Fata ɗari biyu! Da kina kusa da kin ji a kunnenki.

Na yi kukana na share. Ga buhu uku na ɓawon rumman, duk gidajen layinmu na bi na tattaro. Ki jiƙa kwana uku, ki tace, ki tsoma fatun. Rawaya a kan shuɗi kore yake bayarwa. Kada ruwan ya wuce ɗumin da hannunki zai jure, in ba haka ba fata ta ƙandare. Kuma don Allah kada ki ƙara min wata dabarar taki.

Gwaggonki

Tashkent, 29 ga Oktoba

Gwaggo,

Barka da war haka. Ki yafe min, na ƙara dabara. Na bi maganarki tiryan-tiryan, koren ya fito kamar miyar alayyafon da ta kwana. Na zauna a ƙasa ina jin kunyar Baba. Robobin wanki duk sun cika, saura fata biyu, sai na jefa su cikin babbar tukunyar ƙarfen da muke dafa shinkafa da nama ran Alhamis. Zulhumor mai ɗinki har da cewa, "To, yau kuma tunkiyar da gashinta za mu ci?"

Washegari na ɗago su, sai matan duk suka taru suna kallo. Ƙarfen ya dafe launin, ya koma kore mai duhu, mai sheƙi, irin na wuyan agwagwa. Gwaggo, tukwanen ƙarfe goma sha ɗaya muka aro a unguwa, muka sake tsoma sauran fatun kafin a ɗinka! Mako guda maƙwabta ba su ci shinkafa ba, mazansu sai harara.

Jiya masu kantuna suka zo. Wata ta sa silifas ɗin a ƙafa ta ƙi cirewa. Sun kwashe duka, suna neman ƙari kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Ba mai barin aiki, har mutum biyu zan ƙara. Murna kamar ta kashe ni. Ga naki nan, ki duba ki yi min faɗa.

'Yarki, Barno

Shahrisabz, 8 ga Nuwamba

Barno,

Salamu alaikum. Na sa su na je bikin jikar Sanobar, na cire a bakin ƙofa cikin takalman mata sun fi ɗari. Da na fito, nawa kaɗai aka ɗauke. Da takalmin robar wani tsoho na dawo gida, ina ta dariya a hanya kamar taɓaɓɓiya.

Shekara arba'in ina rini, ba a taɓa sace abin da na rina ba. Kin wuce ni, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki Mastura